Tsoro da Fargaba a Ƙasar Noman Rani: Alamominsu da Hanyoyin Fama da Su a Kadawa

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda Bahaushe yake gane tsoro da fargaba, da sunayen da ya ba su, da kuma abin da ya kamata a yi in sun wuce kima. An zaɓi Kadawa, watau ƙasar noman ranin nan da ta shimfiɗu daga Kura zuwa Garun Malam da Bunkure a Jihar Kano, domin a nan ne aka sāke wa manomi hanyar cin abincinsa cikin shekara hamsin da 'yan kai. Duk inda hanyar abinci ta sāke kuwa, abin da ke hana mutum barci ma sai ya sāke. Abin da muke so mu nuna shi ne, harshen Hausa ya riga ya jera alamomin fargaba a jikin mutum ɗaya bayan ɗaya, amma tarbiyyar Bahaushe ta hana shi faɗinsu da baki. Saboda haka malamin da yake jiran ɗalibi ko manomi ya zo ya ce masa, "Ina jin tsoro," lalle zai daɗe yana jira.

2. Sunayen da Hausa Ta Ba Su

Kalmomin nan ba ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan musanya su a magana. Tsoro yana da abin da ya rataya a kansa: tsoron maciji, tsoron dare, tsoron hukuma. In an kawar da macijin, tsoro ya tafi. Razana da firgita kuwa na farat ɗaya ne, kamar wanda aka yi wa tsawa yana cikin barci. Fargaba ita ce ta abin da bai zo ba tukuna, mai yiwuwa ma ba zai zo ba sam. Zullumi shi ne juya magana guda a zuci dare da rana ba tare da an kai ƙarshenta ba. Taraddadi na mutumin da ya tsaya tsakanin abu biyu ne ya kāsa zaɓa. Ɗar-ɗar kuma zaman mutum ne a wurin da bai amince da shi ba. Waswasi daga Larabci muka aro shi, kuma ya fi yawa a sha'anin tsarki da ibada, inda mutum zai yi ta maimaita alwala yana shakkar ingancinta.

Ita kanta kalmar fargaba tana da abin lura. Masu nazarin harshe suna ɗaukarta haɗaɗɗiyar kalma daga faɗi da gaba, inda harafin ɗ ya koma r da ya zo ƙarshen gaɓa, kamar yadda ake samu tsakanin faɗaka da farka. Ashe ke nan sunan abin daga jiki aka ɗauko shi, watau faɗuwar gaba. Haka sauran maganganun suke. Mukan ce hantar cikinsa ta kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa, yawun bakinsa ya ƙafe, gumi ya keto masa, jikinsa na ɓari, tsikar jikinsa ta tashi, idonsa ya raina fata, jikinsa ya yi sanyi. Ko ɗaya a ciki ba ta bar jiki ba.

3. Abin da Ke Faruwa a Jiki

Maganganun nan ba adon harshe ba ne kawai. A 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda jikin dabba da na mutum ke shiri in ya hangi haɗari, ko dai ya yi faɗa ko ya gudu. Akwai waɗansu 'yan ƙulluttai biyu a bisa ƙoda da ke zuba wani sinadari cikin jini, ana ce da shi adiranalin. Da zubarsa sai zuciya ta ƙara bugu, wannan shi ne faɗuwar gaba. Sai jini ya janye daga ciki da fata ya nufi manyan tsokoki, wannan shi ne kaɗawar hanta da sanyin hannu da ƙafa. Sai aikin narka abinci ya dagule, yawu ya ƙafe, wani ma gudawa ta kama shi. Sai numfashi ya yi sauri, gumi ya fito, ƙwayar ido ta buɗe.

Duk wannan alheri ne ga wanda ya taka wutsiyar kububuwa a bakin kwali, gama shi zai ba shi ƙarfin tsallakewa. Amma jiki ba ya bambanta maciji da bashi. Tunanin ranar biya yakan tayar da wannan shiri daidai yadda maciji ke tayar da shi, sai dai maciji yakan wuce cikin minti guda, bashi kuwa yakan kwana ya tashi da mutum wata da watanni. A nan ne abin da aka yi don tsaron rai yake zama cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne a duniya ke fama da ciwon fargaba, mata sun fi maza yawa, kuma kamar ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani.

4. Yadda Abin Tsoro Ya Sāke a Kadawa

A dā manomin ƙasar Kura sama yake duba. Fargabarsa ta damina ce: ko ruwa zai sauka da wuri, ko zai ɗauke gero na bunni. In kaka ta yi, aka cika rumbu, rani ya zama lokacin biki da karatu da sana'ar hannu da fatauci, matasa kuma su tafi cin rani. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, akwai watannin da zuciya ke hutawa daga maganar gona, kuma in fari ya zo kowa ya san daga Allah ne, ba a zargin kowa.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan madatsar Bagauda, sa'an nan aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, daidai shekarun babban farin da ya auka wa ƙasashen bakin Sahara. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000. Aka baje gonaki, aka haƙa magudanai, aka sāke raba wa masu su bayan an rage wani kashi domin hanyoyi da kwalaye. Bayan da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 sai aikin ya koma hannunta. Ba shakka arziki ya shigo. Alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa sun gina gidaje, sun kai mutane Makka, Kura ta yi suna a cinikin shinkafa, kasuwar Kwanar Gafan ta yi suna a tumatir.

Amma tare da arzikin sai abin tsoro ya sauko daga sama ya koma hannun mutane. Ruwa yanzu ta ƙofa yake zuwa, kuma wani ne ke buɗe ƙofar. Wanda gonarsa ke ƙarshen magudana ya dogara ga abin da na sama da shi suka bari, ga kuma ciyawar kacala da yashi da kan toshe hanya. Noman rani kuwa da kuɗi ake shigarsa: iri, taki, maganin feshi, kuɗin huɗa, ladan 'yan ƙwadago, wani har da hayar gonar. Da yawa bashi suke ci su yi. Tumatir ba gero ba ne da za a zuba a rumbu a jira. In ya nuna, ko a sayar cikin 'yan kwanaki ko ya ruɓe, kuma na kowa tare yake nuna, farashi ya fāɗi. Mai shinkafa kuma yana da jan baki a kansa.

Har wa yau akwai manyan abubuwan da suka bar tabo. A Agusta 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta ci gonaki da gidaje. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, manoma suka rungumi nomanta, sa'an nan a 1992 aka janye hanin, kasuwa ta juya musu baya. A 2016 wata tsutsa 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suka sa mata suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu cikin 'yan makonni. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, amma ba da daɗewa ba ta tsaya don rashin tumatirin da za ta sarrafa. Wanda ya ga irin wannan, ba abin mamaki ba ne in gabansa ya fāɗi don ya ga ɗan farin zane a ganyen tumatir guda. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, wannan fargaba ba ta tsaya a gona ba. Tana shiga gida wurin matar da jarinta na turara shinkafa ya dogara ga amfanin bana, da yarinyar da aka sa ranar aurenta bayan an kwashe tumatir, da ɗalibin da ya san kuɗin makarantarsa yana cikin kwandon da dillali bai taya ba tukuna. Ta wannan ƙofa ce take isowa ajin malami.

5. Alamomi

Ana iya kasa alamomin kashi uku. Na farko na jiki: bugun zuciya, ƙuncin ƙirji, numfashi sama-sama, jiri, ciwon kai da na wuya, ɓacin ciki, yawan fitsari, rashin cin abinci, da rashin barci, musamman a kwanta ido biyu ana lissafi. Na biyu na tunani: zullumin da ba ya tsayawa, zaton mafi munin abu kullum, mantuwa, da kāsa tattara hankali wuri guda. Na uku na hali, kuma su ne na kusa ya fi saurin gani: mai haƙuri ya koma mai faɗa, mai zuwa majalisa ya daina fita, mutum ya riƙa kewaye unguwar mai binsa bashi, ko ya je gona sau biyar a yini ba aikin da zai yi, ko kuma ya ƙi zuwa sam don kada ya ga abin da yake tsoro.

Akwai kuma wani nau'i mai zuwa farat ɗaya ba dalili a fili. Mutum na zaune sai zuciya ta hau bugu, numfashi ya sarƙe, hannu ya mutu, ya tabbata ajalinsa ne ya zo. Yakan kai maƙura cikin kamar minti goma sa'an nan ya lafa. Shi kansa ba ya kisa, amma tsoron dawowarsa yakan tsare mutum a gida.

Malaman kwalejojin horon malamai za su so su san wani nau'in kuma. A 1960 likita Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya bayyana wani ciwo a tsakanin ɗaliban Nijeriya da aka sa wa suna gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗalibi yakan ce kansa na zafi, ko wani abu na yi masa tafiya a ka, ko ya karanta shafi bai fahimci kome ba, ko idonsa na dushewa in ya buɗe littafi. Likitoci a yau sun fi ɗaukarsa fargaba ce da baƙin ciki suka fito ta jiki, kuma ya fi tsanani gab da jarrabawa ga yaron da dangi suka ɗora wa dukan burinsu.

Yaushe ne fargaba ta zama cuta? Ba a auna ta da girman abin da ya jawo ta, sai da abu uku: ta daɗe, ta fi ƙarfin mai ita, ta hana shi aikinsa ko barcinsa ko zama da mutane. Manomin da ya damu mako biyu kafin ɗiban tumatir lafiyarsa lau. Wanda aka kwashe amfani, aka biya bashi, amma har damina ta fāɗi bai sami barci ba, wannan yana bukatar taimako. Ga zullumin da ya game kome da kome, likitoci sukan duba ko ya kai wata shida.

6. Cututtukan da Ke Kama da Ita

Kada a yi gaggawar ce wa kowane bugun zuciya fargaba. A ƙasar ruwa kamar Kadawa zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suna rage jini, ƙarancin jini kuwa yana kawo jiri da haki da bugun zuciya. Ciwon zuciya, da faɗuwar sukari a jini, da wani ciwon maƙoƙo mai sa rama da rawar hannu, duk suna iya yin kama da ita. Mafi muhimmanci ga manomi shi ne maganin feshi. Wanda ya yi feshi ba kāriya, sa'an nan ya kama gumi da rawar jiki da dalalar yawu da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, wannan guba ce, asibiti za a kai shi nan take. A lura da bambancin: tsoro yakan busar da baki ya buɗe ƙwayar ido, gubar feshi kuwa akasin haka take yi.

7. Dalilin Ɓoyewa

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, haƙuri da kunya suna cikin halayen da ya lissafa. Halaye ne masu kyau, su ne ma suka riƙe zaman tare. Amma mukan ce tsoro na daji, kunya na gida, watau ba a san namiji da tsoro a cikin mutane ba. Mukan ce kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Magidanci ba zai gaya wa matarsa ya kāsa barci saboda bashi ba, ɗalibi ba zai gaya wa malaminsa ba, amarya ba za ta gaya wa uwar mijinta ba. Ga kuma gudun kada a ce mutum ya rasa tawakkali, ko a ce ya taɓu, abin ya shafi auren 'ya'yansa. Sai ciwon ya fito ta inda ba kunya, watau a ce ciwon kai ne, ko olsa, ko shawara, ko iska, ko sammu. Amma wani karin maganar ya ba mu mabuɗi: labarin zuciya a tambayi fuska.

8. Hanyoyin Fama da Ita

Na farko, a raba abin da ke hannun mutum da wanda ba ya hannunsa. Farashin kasuwa ba ya hannun manomi, amma rubuta abin da ya kashe da abin da ake binsa yana hannunsa, kuma bashin da aka rubuta a takarda bai kai wanda ke yawo a ka cikin dare nauyi ba. Haka nan raba gona tsakanin amfani biyu ko uku, da rarraba lokacin dashe, da shanya tumatir in kasuwa ta fāɗi, da kiran malamin gona tun ganin tsutsar farko. Aikin gyaran magudanai na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa; wanda ya san ranar da ruwa zai iso gonarsa, kuma yana da inda zai kai kuka in bai iso ba, an rage masa rabin zullumi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a kwantar da jiki. In gaba ya fāɗi, a zauna, a shaƙi iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, a fitar da ita a hankali fiye da yadda aka shaƙa, a yi ta haka 'yan mintoci. Fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. A rage goro da shayi mai kauri da kofi, musamman da yamma, gama abin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya ya kori barci. A nisanci taramol da kodin da ire-irensu da waɗansu 'yan ƙwadago ke sha don ƙarfin aiki. Sauƙinsu na sa'a guda ne, sa'an nan su ninka ciwon.

Na uku, kada a guje wa abin tsoro. Gudu yakan ba da sauƙi yau, ya ƙara wa tsoro ƙarfi gobe. Likitocin wannan fanni sukan bi da mutum mataki mataki ya fuskanci abin, daga ƙarami zuwa babba, har jiki ya saba. Mai gudun mai bashi ya sami dattijo ya raka shi a yi magana a sa lokaci. Ɗalibi mai tsoron tsayawa gaban aji ya fara da mutum biyu, sa'an nan biyar.

Na huɗu, a faɗa wa wani. Salla da addu'a da zikiri ginshiƙi ne ga mutanen wannan ƙasa, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Liman ko malamin zaure da ya gane haka yana iya zama farkon mai nuna hanyar asibiti. Ba kullum ne sai babban likita ba. Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro tun 1954 cewa marar lafiya ya fi samun sauƙi a cikin jama'a tare da danginsa. A Zimbabuwe kuma likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci kusa da asibiti su saurari masu damuwa, su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka buga a 2016 kuwa ya nuna amfaninsa. Mu da muke da dakali da majalisa ba mu rasa wurin yin irin wannan ba.

Na biyar, a san lokacin asibiti. In abin ya daɗe, ko ya hana aiki, a fara da asibitin kusa a auna jini, in ya cancanta a tura mutum asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Akwai magani na sha da na magana, duka suna aiki, amma kada a sayi ƙwayar barci a kemis ba umurnin likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kuwa mutum ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ya mutu ya huta, to, kada a ɗauke ta maganar ɓacin rai. A tambaye shi a fili, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da fiya-fiya daga gidan a kulle, a kai shi asibiti a ranar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kamar kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi, a ƙasar noman rani kuwa kusan kowane gida akwai shi.

9. Kammalawa

A Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma doka ba ta shiga aji, ba ta zuwa bakin kwali. Malamin da muka horar shi ne zai ga yaron da ya fara gyangyaɗi da mantuwa a watan da farashin tumatir ya fāɗi. Abin da muke roƙo shi ne a koya masa ya yi tambaya da harshen da yaron zai iya amsawa ba kunya. Kada ya ce, "Tsoro kake ji?" gama amsar a'a ce. Ya ce, "Yaya barci? Gabanka yana faɗuwa? Yaya gonar Baba bana?" Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki a gaba, watau a tattara waɗannan maganganu daga bakin manoma da matan gida da ɗalibai, a tantance ma'anoninsu, a miƙa wa ma'aikatan asibiti, domin su riƙa jin abin da marar lafiya yake nufi sa'ad da ya ce musu ciwon kai ne kawai.